Darasi a Kan Fadamar Haɗeja da Nguru

A wannan wata za mu dubi wata babbar fadama da ke tsakanin Jihar Jigawa da Jihar Yobe. Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are su ne ke kawo mata ruwa, sa'an nan su haɗu su zama Kogin Yobe, wanda ke gangarawa Tafkin Cadi.

A dā ruwa yakan malalo da damina, ya janye da rani. Manomi ya shuka shinkafa, masunci ya kama kifi, in ƙasa ta tsane Bafillace ya kawo shanunsa. Har tsuntsaye daga Turai sukan zo su ci hunturu a Dagona.

Amma a 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Calawa. Tun daga nan ambaliya ta ragu, ruwa kuwa ya riƙa zuwa kaɗan kaɗan dukan shekara. Abin da ciyawar nan kacalla ke so ke nan, gama a dā rani ne yake hana ta yaɗuwa. Ta cika hanyoyin ruwa har kwalekwale ya kāsa wucewa. Ruwa ya kauce, ya kwanta a gonakin waɗansu, na ƙasa wajen Gashuwa kuma suna nemansa. A cikinta ne jan baki ke kwana, da safe su fāɗa wa hatsi.

To, me mutane suka yi? Sun koma ga gayya. Ƙauyuka sukan sa rana, maza su shiga ruwa da adda da lauje, su sassare kacalla, su kwashe laka. Aikin da wuya ƙwarai, gama dole a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba sai ta sāke tofowa. An kafa shirin kiyaye fadamar a 1987, a 2000 kuma aka sa Tafkin Nguru cikin jerin fadamun duniya na Ramsar. Mun yi murna da wannan, amma takarda ba ta taɓa sare ciyawa ba.

Ku lura da abu guda. In ƙauye ɗaya ya share rabonsa, na gaba bai share ba, ruwan yakan tsaya a iyaka, ya komo wa waɗanda suka yi wahalar. Saboda haka ne dagatai sukan fara zama tare, su raba hanyar ruwa, kafin kowa ya ɗauki adda.