Rage Surutun MS-DOS Lokacin Kunnawa

Tambaya: Yaya zan hana MS-DOS cika allo da rubutu in na kunna kwamfuta?

Amsa: Malam, rage surutun, amma kada ka toshe mata baki ɗungurungum. Sa @ECHO OFF a layin farko na AUTOEXEC.BAT; alamar @ tana aiki tun DOS 3.3 na 1987. Umarnin da bai yi shiru ba, ƙara masa >NUL a ƙarshe. Wani zai ce CTTY NUL ya fi sauƙi. Haka ne, sai dai yana kashe allo da madannai tare: in fayil ɗin ya maƙale kafin CTTY CON da ke dawo da su, babu ta inda za ka ba da umarni. Direbobin CONFIG.SYS kuwa >NUL ba ya kama su. CLS zai share rubutunsu, amma karanta tukuna, don nan ake gane wanda ya ƙi tashi.