Auduga Tana Bin Hannu Da Yawa

Ya ku 'yan'uwa manoma na Zangon Wagadugu da kewaye, ku saurara. Kafin auduga ta zama kuɗi, sai ta bi ta hannun manomi, da malamin gona, da magatakardan ƙungiya, da mai awo, da direban mota, da masu injin gurza. Kowa ya san aikinsa, amma bai san na ɗan'uwansa ba, sai fa in an gaya masa.

Tun 1996 manoman auduga na ƙasar nan suke cikin ƙananan ƙungiyoyi, waɗanda a da ake kira GPC. Taki da maganin feshi bashi ne ake ba ƙungiya, in kaka ta yi a cire daga kuɗin auduga. In mutum ɗaya ya kasa biya, sauran za su biya masa. To, wanda ya rubuta takin hekta 3, ya shuka 1, ya yi shiru, ya ɗora wa 'yan'uwansa kaya ke nan. Magatakarda kuma in ya yi nauyin jiki wajen kai lissafi ga malamin gona, ina kamfani zai san buhu nawa zai aiko? Sai Yuni ya wuce taki bai iso ba.

Akwai kuma abin da mai injin gurza ya sani, manomi bai sani ba. Buhun leda yakan bar zarensa cikin auduga. Inji ba ya tsince shi, ba ya kuma kama rini, sai masu saye na ƙasashen waje su rage kuɗi. Mai inji yana gari, ku kuna gona. Ta bakinmu malaman gona ne maganar za ta iso. Ku tsinci auduga da buhun yadi.

A ganina babbar wahala harshe ce. Takardun Faso Coton, wanda ya karɓi yankin tsakiya a 2004, da Faransanci suke. Yawancin manoma Mosanci suke yi, mu kuma Hausa. In an karanta maka takarda, maimaita lambobin da bakinka a ji ko daidai ne. Ba abin kunya ba ne.

Ranar kasuwar auduga, mai awo ya faɗi kilo da ƙarfi kowa ya ji. Magatakardan ƙungiya ya rubuta, na kamfani ya rubuta, a gwada littattafan biyu tun mota ba ta tashi ba.