Amsoshin Tambayoyinku: An Ce Za A Yi Gwanjon Sunan Shafina, In Biya?

Tambaya: Ina sana'ar dabino da riɗi da zoɓo a Dutse. Wani yaro ɗan unguwarmu da ya karanci kwamfuta ne ya buɗe mini shafin intanet da sunan kasuwancina, mai ƙarewa da .com, kuma sunan yana jikin buhunana da katina. Kwanan nan saƙonnin imel suka fara shigo mini daga mutanen da ban sani ba. Ɗaya ya ce wa'adin sunan ya kusa cika, in ban biya cikin kwana 2 ba za a kai shi gwanjo. Wani kuma ya ce shi dillali ne a wata kasuwar gwanjon sunaye, yana da mai saye da zai ba ni dubban daloli, amma sai na fara biyan kuɗin takardar ƙiyasta darajar sunan. Shin da gaske ana gwanjon sunaye? Waɗannan kasuwanni abin yarda ne? Kuma ina suka samu adireshina?
Daga wani mai karatu, Dutse, Jihar Jigawa

Amsa: Tun kafin bayani ya yi nisa: kada ka biya ko sisi, kada ka latsa komai a cikin saƙonnin nan biyu, kada ma ka mayar musu da amsa, domin amsar ce ke nuna musu akwai mutum a bayan adireshin.

Gwanjon sunaye kam gaskiya ne, kuma dalilinsa shi ne babu wanda ke mallakar sunan shafi dindindin. Haya ce ake biya shekara-shekara. Kundin duk sunayen da suka ƙare da .com yana hannun kamfanin Verisign na Amurka, a ƙarƙashin ƙa'idojin hukumar ICANN da aka kafa a 1998. Kai ba ka hulɗa da Verisign kai tsaye. Akwai kamfanonin rajista a tsakani, kuma a wurin ɗaya daga cikinsu yaron nan ya yi maka rajista. A watan Satumba na 2024 kuɗin da Verisign ke karɓa daga waɗannan kamfanoni kan kowane suna ya kai dala 10.26 a shekara, su kuma su ɗora ribarsu. Riƙe wannan adadi a ranka, don ka gane ƙarya idan wani ya turo maka takardar biyan ɗaruruwan daloli da sunan sabunta rajista.

Batun kwana 2 kuwa, tsoratarwa ce. Tun 2013 ICANN ta wajabta wa kamfanin rajista ya tunatar da mai suna kamar wata guda kafin wa'adi ya cika, ya sake tunatar da shi saura kamar mako guda, sannan ya ƙara cikin kwana 5 bayan cikar wa'adin. Ko wa'adi ya wuce, akwai ɗan lokacin sassauci da zai iya kaiwa kwana 45, ya danganta da kamfanin. Idan aka goge sunan, akwai wasu kwana 30 na fansa, da tara mai nauyi, sai kwana 5 na ƙarshe kafin a sake shi ga kowa. Sai dai kada wannan lissafi ya sa ka sakankance. Wasu manyan kamfanonin rajista tun a cikin lokacin sassaucin suke saka sunan a gwanjo, kuma in wani ya riga ya saye, maganar fansa ta ƙare. Sakaci irin wannan bai bar manya ba: a Disambar 1999 Microsoft ya manta bai sabunta passport.com ba, masu amfani da Hotmail suka shiga matsala, sai wani mutum daga waje, Michael Chaney, ya biya dala 35 na sabuntawar.

Abin da ya kamata ka lura da shi shi ne, tunatarwa ta gaskiya daga wuri ɗaya tak take zuwa, wato kamfanin da rajistarka take hannunsa. Duk wani da ba shi ba, baƙo ne. Dabarar tsohuwa ce. Wani kamfanin Kanada mai suna Domain Registry of America ya daɗe yana aika wa mutane wasiƙu masu kama da takardar neman biya, wanda ya biya sai ya tarar ashe ya amince ne a ɗauke rajistarsa zuwa wurinsu. A 2003 hukumar kula da cinikayya ta Amurka, FTC, ta samo umarnin kotu da ya hana shi wannan yaudara. Na yanzu sun fi su muni, domin yawancinsu ba rajista suke so ba, lambobin katinka na banki suke nema.

Saƙo na biyu ya fi na farko haɗari, domin na farko da tsoro ya zo, wannan kuwa da kwaɗayi. Tsarinsa sananne ne. Za a yi maka tayi mai tsoka, a nuna ana gaggawa, sannan a ce mai sayen ba zai saki kuɗi ba sai ya ga takardar ƙiyasi, kuma ba daga ko'ina ba sai daga wani shafi da su suka zaɓa. Shafin nasu ne. Kana biya, dillali da mai saye su ɓace tare, don dama mutum ɗaya ne. Wani lokaci ma ba sa ɓacewa nan take. Sai su dawo da kuɗin lauya, kuɗin haraji, kuɗin canjin dala, su yi ta tatsa har sai ka gaji. Abin da ke sa mutane faɗawa shi ne labaran da suke ji na gaskiya, kamar yadda aka sayar da voice.com kan dala miliyan 30 a 2019. Amma irin waɗannan gajerun kalmomi ne da duniya duka ke nema. Sunan kasuwancin dabino a Dutse darajarsa a wurinka take, da wurin abokan cinikinka na Dawanau da Maigatari da Legas da suka saba ganinsa a jikin buhu. Baƙon da bai taɓa jin sunanka ba, me zai sa ya zuba masa dubban daloli? Kuma mai saye na gaskiya, in yana son sanin darajar kaya, da kuɗinsa yake bincike.

Ko da a ce mai sayen na gaskiya ne, ni ba zan ba ka shawarar sayarwa ba. Duk wanda sunan ya koma hannunsa, imel ɗin da ake aikowa ta wannan suna ma wurinsa za su riƙa zuwa. Zai iya rubuta wa mai sayen riɗinka da adireshin da ya saba gani, ya ce ka canja asusun banki, ga sabuwar lamba. Ta irin wannan hanya ake kwashe kuɗin 'yan kasuwa, kuma kai za a zo nema, ba shi ba. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa nake ɗaukar wasiƙarka da muhimmanci.

To, su kasuwannin gwanjon fa? Akwai na gaskiya, sun daɗe suna aiki: GoDaddy Auctions, da Afternic wanda GoDaddy ya saya a 2013, da NameJet, da SnapNames, da Sedo da ke birnin Kolon na Jamus. Ana saye ana sayarwa a cikinsu kullum, kuma la'adarsu daga kuɗin ciniki ake cirewa bayan an sallama. Har ma yakan faru dillalinsu ya tuntuɓi mai suna ba tare da ya nema ba, idan wani ya ɗauke shi aikin nemo masa sunan. Saboda haka ba zan ce maka kowane saƙon tayi ƙarya ne ba. Amma rubuta sunan babban kamfani a saman imel ba shi da wuya ko kaɗan, tambarinsa ma kwafa ake yi. Wanda ya ce daga Sedo yake, hanyar tabbatarwa ita ce ka buɗe shafin Sedo da hannunka, ka tambaye su ta adireshin da ke can, ba ta wanda ya ba ka ba.

Kuma ko kasuwar ta gaskiya ce, ba a shiga ido rufe. A watan Nuwamba na 2009 kamfanin da ya mallaki SnapNames ya fito ya bayyana cewa wani babban ma'aikacinsa ya shafe shekaru, tun daga 2005, yana shiga gwanjo da sunan boge, halvarez, yana ƙara tayi don farashi ya hau. Abin ya shafi kusan kashi 5 cikin 100 na gwanjon da aka yi a lokacin, kuma kamfanin ya yi alƙawarin mayar wa waɗanda aka cuta kuɗinsu. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kara ranar kasuwa ya san wannan: mutum ya zo yana taya sa, ba don zai saya ba, sai don ya zuga na kusa da shi ya ƙara. Malamai suna kiransa najashi, kuma hadisin da ya hana shi yana cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik da Bukhari da Muslim, alhali shi kansa gwanjon jumhurun malamai sun halatta shi. A kara aƙalla kana ganin fuskar mai tayin, wataƙila ma ka san ubangidansa. A intanet suna kawai kake gani a allo. Don haka wanda zai shiga gwanjo ya yanke iyakar abin da zai biya tun kafin a fara, ya tsaya a kai. Idan kuma cinikin tsakaninsa da mutum ne kai tsaye, kuɗi su bi ta hannun amintaccen mai riƙo irin Escrow.com, wanda ba ya sakin kuɗi sai suna ya isa hannun mai saye. Nan ma a kula, 'yan damfara suna ƙirƙirar shafukan riƙon kuɗi na boge.

Adireshinka kuwa ba wani asiri suka yi ba. Da can bayanan duk mai rajista, sunansa da imel da lambar waya, a buɗe suke a kundin WHOIS. Daga watan Mayun 2018, da dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai ta fara aiki, kamfanoni da yawa suka rufe su, amma tsofaffin jerin sunaye na nan suna yawo ana sayarwa. Ban da haka, adireshin yana kan shafinka da Facebook ɗinka, na'ura ce ke bi tana tsinta. Saƙon da ka samu, dubban mutane sun samu irinsa a rana ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a wasiƙarka, Alhaji, kuma ba ka tambaya ba. Ka ce yaro ne ya buɗe maka. Da sunan wa ya yi rajistar? Da imel ɗin wa? Sau da yawa matasa masu wannan aiki, ba da mugun nufi ba, da asusunsu suke yi don sauƙi. Sai a tura yaro bautar ƙasa, ko ya samu aiki a Abuja, ko wayarsa ta ɓata ya canja layi. Tunatarwar gaskiya tana ta shiga akwatin da babu mai buɗewa. A shekarun da bankuna suka taƙaita sayayya da katin naira a shafukan waje, ga mai niyyar biya ma abin ya yi wuya. Ta nan sunaye suka fi salwanta, ba ta hannun ɓarawo ba. In rajistar ba da sunanka take ba, a idon kamfanin kai ba kowa ba ne, ko da kai ka biya kuɗin.

Dubawa ba ta cin ko kwabo. Rubuta lookup.icann.org da hannunka, ka sa sunan shafinka, zai nuna maka kamfanin da ke riƙe da rajistar da ranar da wa'adi zai cika. Daga nan ka san ko mai saƙon farko ya faɗi gaskiya. Sannan a shiga asusun a gabanka, a mayar da suna da imel da lambar waya naka, a sa kalmar sirri da kai ka sani, a kunna tabbatarwa ta biyu wadda ke turo lamba a waya, a kuma kulle sunan don kada a ɗauke shi. Akwai wata lamba ta musamman da ake kira EPP, da ita ake mayar da suna daga kamfani zuwa kamfani. Wanda ya riƙe ta ya riƙe sunan, kada ka tura wa kowa. Idan yaron ya yi nisa, Dutse ba ta rasa masu sanin aikin. Gari ne da aka kafa kamfanin intanet na Galaxy tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, ga kuma Jami'ar Tarayya tun 2011.

Ina kuma ba ka shawara ka yi rajistar sunan da .com.ng, ka haɗa biyu. Sunayen .ng suna hannun ƙungiyar NiRA da aka kafa a 2005, tana aiki bisa yarjejeniya da hukumar NITDA. Irinsu ne fud.edu.ng na jami'a da jigawastate.gov.ng na gwamnatin jiha, sai dai waɗannan biyun keɓaɓɓu ne, .com.ng kuwa na kowa ne. Da naira ake biya, kuma jerin kamfanonin da aka amince da su yana shafin NiRA. Kada ka ɗauka rajistar CAC ta tanadar maka sunan a intanet, kundi biyu ne daban. Gaskiya ne sashe na 25 na dokar laifukan intanet ta 2015 ya tanadi ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira miliyan 5 ba, ko duka biyun, ga wanda ya kama sunan wani da gangan don ya hana shi amfani da shi. Amma in wanda ya saye sunanka na .com yana wata ƙasa, hanyar da ta saura ita ce ƙara a irin cibiyar WIPO da ke Janeba, inda kuɗin shigar da ƙara kaɗai dala 1,500 ne, kuma sai ka nuna kana da haƙƙin tambarin kasuwanci a kan sunan, ka kuma nuna mugun nufin wanda ya riƙe shi.

In kuwa ka riga ka sa lambobin katinka a ɗaya daga cikin shafukan nan, je banki yau a toshe katin, ka ajiye saƙonnin kada ka goge, ka kai rahoto ga EFCC ko cibiyar 'yan sanda ta yaƙi da laifukan intanet. In ba ka sa ba, alhamdulillahi. Kira yaron nan cikin makon nan, ku zauna tare a gyara rajistar, kuma tunda ƙa'ida ta yarda a biya wa .com har shekara 10 gaba, ka biya iya shekarun da aljihunka zai ɗauka.