Yadda Manyan Kwamfutoci Ke Ɗora Aiki Daga Inda Ya Tsaya Idan Ya Rushe

Duk mai buga gem a waya ya san bambancin gem ɗin da ke ajiye matakin da aka kai da wanda ke mayar da mutum farko da zarar caji ya ƙare. Wannan 'yar dabara ta ajiye mataki ita ce ke riƙe da ayyukan kwamfuta mafiya tsada a duniya, irin su hasashen yanayi da horar da ƙirƙirarriyar basira. Masana na kiranta cekfoyin, amma kalmar zango ta fi dacewa da ita: wurin da matafiyi ke yada kaya, ta yadda in wani abu ya faru a gaba, nan zai dawo ba gida ba.

Irin waɗannan ayyuka sun fi ƙarfin kwamfuta ɗaya. Don haka ake haɗa ɗaruruwa ko dubbai da wayoyin sadarwa masu sauri, su zama gungu guda da ake kira kulasta. Sai a yanka aikin gunduwa-gunduwa, kowace na'ura ta ɗauki nata, suna yi a lokaci guda suna aika wa juna sakamako. Matsalar ita ce kowace na jiran 'yar uwarta. Idan ɗaya ta mutu, sauran sukan tsaya cak suna jiran saƙon da ba zai zo ba, ko kuma aikin ya rushe gaba ɗaya.

Kuma mutuwar ba ta da makawa. A ɗauka na'ura ɗaya tana lalacewa sau ɗaya a shekara biyar, wato kusan awa 43,800. Wannan na'ura ce mai aminci sosai. Amma in aka tara irinta 10,000, lissafi ya nuna kusan kowace awa huɗu da rabi za a samu wadda ta faɗi. Kamfanin Meta ya bayyana abin da ya gani lokacin horar da babban samfurin Llama 3 a rahoton da ya fitar a 2024: katin GPU sama da 16,000, kuma cikin kwana 54 aikin ya katse sau 466, daga ciki 419 ba a shirya musu ba. Kusan duk awa uku ke nan. Duk da haka sama da kashi 90 cikin ɗari na lokacin ya tafi ne a ainihin horarwa, saboda aikin na tashi daga zango, kuma galibi ba tare da sa hannun mutum ba.

Me ake ajiyewa? Duk abin da aikin ke buƙata don ya ci gaba kamar bai taɓa tsayawa ba. A horar da basira akwai lambobin samfurin kansa, da bayanan da tsarin koyon ke riƙewa don sanin yadda zai gyara su, da lambar zagayen da aka kai, da inda aka tsaya a karatun bayanai. Akwai kuma wanda masu koyo suka fi mantawa, wato matsayin injin da ke zaɓo lambobin kai-tsaye ba tsari. In ba a ajiye shi ba aikin zai tashi lafiya lau, amma sakamakon zai bambanta da wanda da za a samu, kuma gano dalili sai an sha wuya. Girman kayan ma ba wasa ba ne. Lambobin babban Llama 3 biliyan 405 ne, su kaɗai sun haura gigabait 800, kafin a ƙara sauran.

Inda gizo ke saƙa shi ne daidaita lokacin ajiyar. A ɗauki 'yan kasuwa biyu, ɗaya ya tura wa ɗaya naira 50,000. Mai turawa ya rufe littafinsa bayan ya tura, mai karɓa ya rufe nasa kafin kuɗin ya shigo. Wanda ya haɗa littattafan biyu zai ga kuɗi ya fita bai shiga ko'ina ba. In aka juya, mai karɓa ya rubuta ya samu alhali mai turawa ya rufe kafin ya tura, to bayan an dawo zai sake turawa, kuɗi ya shiga sau biyu. Haka saƙonni suke tsakanin na'urori. Kowace na iya samun ajiya mai kyau, amma jimillar ta zama shirme.

Idan aka bar kowace na'ura tana ajiya lokacin da ta ga dama, komawar ɗaya baya na iya tilasta wa ta biyu komawa, ita ma ta ja ta uku, har a wayi gari an koma farkon aikin. Shi ya sa hanyar da aka fi bi ita ce a tsayar da kowa a wuri ɗaya. Shirye-shiryen da ke amfani da tsarin MPI suna da umarnin MPI_Barrier, wanda ke hana kowa wucewa sai kowa ya iso. Ana yin ajiyar a ƙarshen zagaye, lokacin da babu saƙon da ke kan hanya. Akwai kuma dabarar da Mani Chandy da Leslie Lamport suka wallafa a 1985, inda ake tura saƙon alama cikin layukan sadarwa a ɗauki hoton tsarin ba tare da an tsayar da shi ba.

Sai tambayar sau nawa za a yi zango. Yawaitawa na cin lokaci a rubutu, jinkirtawa kuma na ƙara yawan aikin da za a yi asara. Tun 1974 John Young ya kawo lissafi mai sauƙi: a ninka lokacin da ajiya ke ɗauka sau biyu, a ninka da matsakaicin tazarar lalacewa, sannan a nemo lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan adadi. In ajiya na cin minti 5, lalacewa na zuwa duk minti 180, an samu 1,800, amsar kuwa kusan minti 42. In aka rage ajiyar zuwa minti 1, sai ta koma minti 19. Wannan ne ya sa manyan cibiyoyi ke fara ajiya a faifan da ke jikin na'urar, daga baya a kwashe zuwa babbar ma'ajiya, kamar yadda manhajar SCR ta cibiyar bincike ta Lawrence Livermore a Amurka ke yi.

Tashi bayan faɗuwa yana da nasa tsari. Yawancin kulasta na amfani da manhajar Slurm wajen rabon na'urori. Wanda ya sa layin #SBATCH --requeue a takardar aikinsa ya ba ta izinin mayar da aikin layi idan na'ura ta mutu. Sai dai Slurm daga farkon takardar take sake kunnawa, ba ta san komai game da zango ba. Alhakin mai shirin ne ya rubuta cewa da zarar an tashi, a duba ko akwai ajiya, a loda ta ƙarshe. Ga wanda ba zai iya taɓa shirin ba, akwai DMTCP, wadda ke kwafe duk abin da ke cikin RAM ɗin aikin daga waje. Tana da sauƙi, amma fayilolinta kan yi girma domin ba ta bambanta mai amfani da tarkace.

Babban tarko shi ne na'ura ta mutu ana tsakiyar rubuta ajiya. Wanda ke rubuta sabuwa a kan tsohuwa ya rasa duka biyun. Abin yi shi ne a rubuta da suna na wucin gadi, sai an gama a sauya sunan, kuma kada a ɗauki zango a matsayin kammalalle sai kowace na'ura ta tabbatar ta gama nata ɓangaren. A riƙe biyu ko uku na baya, domin wani lokaci ɓarnar kan shiga lissafi tun kafin aikin ya faɗi, ta bi shi har cikin ajiyar ƙarshe.

Mai karatu ba ya buƙatar kulasta kafin ya gwada wannan. Google Colab na kyauta na buɗewa a burauzar waya, kuma zamansa ba ya wuce awa 12, sau da yawa ma yakan katse kafin nan, ya tafi da fayilolin da ke cikinsa. Sai a haɗa shi da Google Drive, a sa shirin ya riƙa ajiya a can bayan kowane zagaye. Daga nan a kashe shi da gangan a tsakiya, a tayar daga zango, a kwatanta sakamakon da na gudun da ba a katse ba. In lambobin suka yi hannun riga, akwai abin da ba a ajiye ba, kuma wurin fara dubawa shi ne injin lambobin nan da inda karatun bayanai ya tsaya.