Wane Firji Zan Saya?

Tambaya: Anti, na ɗauki adashe, ina son sayen sabon firji. Mu shida ne a gida, a Kano, wuta kuma ba ta zama. Me zan duba?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ƙyalli ya ruɗe ki. Fara duba takardar da ke manne a jikinsa, ki nemi harafin T. Mai T an ƙera shi ya jure zafi har digiri 43, mai ST kuwa iyakarsa 38, kin kuma san yadda bazarar Kano take a Afrilu. Lita 250 zuwa 300 za ta ishe ku. In nama da kifi kike tarawa, firiza mai murfi a sama ta fi riƙe sanyi bayan an ɗauke wuta, domin iska mai sanyi ƙasa take kwanciya. Masu sola su nemi mai injin inbata, ya fi rangwamen cin wuta.

Ki ware kuɗin sitabilaiza tun yanzu. Hawa da saukar wuta ke ƙona inji, ina jin takaicin yawan wasiƙun da nake samu kan haka. Karɓi rasit da takardar garanti. In an kawo firjin, bar shi tsaye kamar awa 4 kafin ki kunna, nesa da murhu, da 'yar tazara tsakaninsa da bango.