Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Faruwa Idan Aka Sauya Injin Lissafin Siffofi?

Wani ɗalibin injiniya daga Zariya yana tambaya: me ya sa sakamakon gwaji a kwamfuta ke canzawa idan aka sauya injin lissafin siffofi na manhaja?

To malam, wannan injin shi ke lissafa kowace fuska da gefe da lanƙwasa ta abin da ka zana. Sanannu sun haɗa da Parasolid na kamfanin Siemens, wanda SolidWorks ke amfani da shi, da kuma ACIS. Manhajar Solid Edge ma ta bar ACIS ta koma Parasolid a 1998.

Kowane inji yana da iyakar tazarar da yake ɗauka a matsayin haɗuwa. Gefuna biyu da tsohon injin ya ga sun manne, sabon sai ya hango 'yar kafa a tsakani, ragar lissafi, wadda ke raba siffar zuwa ƙananan yankuna don gwaji, ta ƙi shimfiɗuwa. Lambobin fuskoki ma sukan sauya, nauyin da ka ɗora a saman ƙarfe ya koma gefensa, amsa ta fito daban ba tare da gargaɗi ba.

Don haka bayan sauyi, sake auna girma da faɗin fuskoki, ka duba inda kowane nauyi ya sauka, sannan ka maimaita tsohon gwajin da ka san amsarsa.