Yadda Ake Zuwa Kallon Hawan Daushe Daga Kamarawa

Kafin ka ɗinka riga, fara tambaya ko za a yi hawan bana. Tun da rikicin sarautar Kano ya taso a 2024, 'yan sanda sun sha dakatar da hawan sallah, wani lokaci ana saura kwanaki kaɗan. Ka kira ɗan uwanka mazaunin birni, ka kuma kasa kunne ga rediyo.

Idan ta tabbata za a yi, ka tashi tun sallah da sauran kwana biyu ko uku, domin Hawan Daushe washegarin sallah ake yin sa. Daga Kamarawa sai Isa, Shinkafi, Ƙaura Namoda, Gusau, Funtuwa, sannan Kano. Duk mutumin Gobir ya san halin da wannan hanya take ciki: a bi ta da rana tsaka, a motar tasha, kuma a ji ta bakin direbobi kafin a hau.

Ranar hawa, ka ci ka ƙoshi, ka yi azahar, ka nufi Ƙofar Kudu, wato filin da ke gaban Gidan Rumfa, fadar Sarki. Dawaki ba sa isowa sai bayan la'asar, amma wanda ya jira la'asar ƙeyar mutane kawai zai gani. Sa takalmi mai kama ƙafa, ban da silifa. Waya da kuɗi su shiga aljihun ciki, don 'yan sane su ma sallarsu suke yi.

Yanzu ga babban aikin: zaɓen wurin tsayawa. Rumfar baƙi ta masu katin gayyata ce, ka manta da ita. Nemi gefe, inda bayanka ke da bango ko bishiya, kusa da lungun da za ka iya sulalewa. Kada ka tsaya a bakin ƙofa ko a matsattsen wuri, komai kyan ganin da ake samu a can. A Duisburg ta Jamus, a 2010, mutum 21 suka mutu a bikin Love Parade na masu kiɗan tekno, ba wuta ba harbi, turereniya ce kawai a mashiga guda. A nan kuwa ga turereniya ga kofato.

Sarki kan fita ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa, sannan ya zagayo ta cikin gari. Hakimai ne ke fara wucewa, kowanne da ayarinsa da launin da ya zaɓa wa mahayansa. Kada ido ya tsaya kan rawuna da alkyabbu. Dubi 'yan lifida da dawakinsu cikin rigar auduga, 'yan sulke, 'yan tauri suna goga wuƙa a ciki, maharba da layu har wuya. Kiɗan ma ba iri ɗaya ba ne, ga kalangu, ga algaita, ga maroƙa kowa na wasa ubangidansa.

Da ka ji 'yan bindiga sun fara ɓarin albarushi, kakaki ya ɗauka, to Sarki ya kusa. Riƙe hannun yaronka tun kafin ƙarar farko, domin a nan doki kan firgita. Za ka ga dogarai cikin ja da kore, zagage a ƙasa, sai laima tana juyawa. Ka ɗaga hannu ka yi jinjina, ka ce “Ran Sarki ya daɗe!” kamar kowa.

Sai jahi: mahaya su sako dawaki a guje, su ja linzami daf da Sarki. Idan dogari ya ce a matsa, a matsa. Kada ka tsallaka fili don hoto.

Da Sarki ya shige gida, kada ka bi rububin fita. Dakata ƙura ta lafa, ka yi magariba a babban masallaci, sannan ka taka zuwa inda adaidaita ke iya shigowa.